Tattakin ƙafa cikin gonaki da daji a farkon ruwa: yaushe, ta ina, da me?

Ɗan Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyarmu ta masu motsa jiki na son ta sauka daga kwalta wannan karon, a yi tattakin ƙafa a bayan gari: a ratsa gonaki, a shiga ɗan daji, a zagayo a fito. Muna lissafin kilomita 8 zuwa 10. Mu ashirin ne da 'yan kai, maza da mata, har da yara 'yan sakandare. Ga shi Afrilu ya raba, hadari ya fara haɗuwa da yamma amma ruwa bai zauna ba. Masana a cikinmu ku taimaka. A yi yanzu ko a jira? Ta ina ya kamata a bi? Me za a riƙe?

Tsohon Malamin Daji:
Wa alaikumus salam. Ɗana, lokacin da ya dace gajere ne, bai fi mako uku zuwa huɗu ba: bayan an yi ruwa biyu ko uku masu jiƙa ƙasa, kafin manoma su gama huɗa su yi shuka. A kewayen Kaduna yawanci yakan faɗo daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, gwargwadon yadda shekara ta zo. Idan kuka fita yanzu, toka ce da ƙura daga sharar gona, rana kuma tun ƙarfe tara take fara dukan mutum. Idan kuka bari sai Yuli, gamba da tofa sun rufe hanya, masara ta tashi, ba ka ganin inda kake sa ƙafa, ba ka ganin na gabanka, rafuka kuma sun cika.

A wannan tsakanin ne dajinmu ya fi kyau. Doka, wadda ta fi kowace bishiya yawa a dazukan wannan yanki, takan fitar da sabon ganye ja mai sheƙi tun kafin ruwa, sannan ya juye kore. Maje ma haka yake yi. Ɗorawa ta zubar da tutunta, 'ya'yanta sun nuna sun rataya. Kaɗanya ta ɗauki 'ya'ya, amma sai wajen Yuni suke zuba sosai. Ɗinya na toho, lokacin ɗinkin ke nan. Albasar kwaɗi na fito da furenta kwanaki kaɗan bayan ruwan farko. A kalla kawai, kada yaro ya tono ta, guba ce. Idan kuka ga shamuwa ta sauka kan kuka ko rimin cikin ƙauye, to damina ta ƙaraso. Wanda ya fita da sassafe zai ji kukan fakara da zabin daji, ya ga cilakowa na tashi daga bishiya zuwa bishiya.

Ɗan Sintiri:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, duk abin da ka faɗa haka yake. Amma maganar farko ta tsaro ce, kafin ta lokaci. Kowa a garin nan ya san abin da ya faru a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a Maris 2021, aka kwashe ɗalibai 39, ga ta nan bayan Mando kusa da filin jirgi. An tare jirgin ƙasan Abuja ranar 28 ga Maris 2022. An kwashi 'yan makaranta a Kuriga cikin ƙaramar hukumar Chikun a Maris 2024. Saboda haka hanyar Birnin Gwari, Buruku, dajin Kamuku, da can cikin dazukan Chikun da Kajuru, a cire su daga lissafi, komai kyan wurin. Sauran wuraren ma ba wanda zai zauna a wannan zauren ya rantse maka cewa wuri kaza lafiya lau ne, don labarin daji na canzawa cikin mako guda.

Yadda ake yi shi ne, mutum biyu daga cikinku su je ƙauyen da kuka zaɓa kwana biyu ko uku kafin ranar. Su gaida mai unguwa ko dagaci, su faɗi ko su waye, mutum nawa ne za su zo, ƙarfe nawa za su shiga, ƙarfe nawa za su fito. Su roƙi a ba su ɗan jagora ɗan garin, a yanke abin da za a ba shi tun a nan. Su sanar da 'yan sintirin wurin ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Sannan su yi tambaya guda da ta fi taswira amfani: har ina mata ke kaiwa idan sun je itace? Inda matan garin suka daina zuwa, ku ma nan ne iyakarku. Hanyar ta zama zagaye, ta yadda ba za ku taɓa yin nisan da ya wuce kilomita 2 daga kwalta ko daga gari ba. Kada a sa rana da wuri a Facebook ko a wani babban zaure kafin a je. Hotuna sai an dawo gida. A guji filayen soja, na NDA a Afaka da na Jaji, kuma kada a ɗaga waya ana hoto kusa da shingen jami'an tsaro.

'Yar Barnawa:
Yaya, da wannan jerin sharuɗɗan ai gara a haƙura. Ga Ƙofar Gamji, ga bakin kogi, ga Murtala Square. Me zai sa a kwashi 'ya'yan mutane a kai su daji?

Malamin Gona:
Ƙanwata, damuwarki a kan hanya take, kuma duk uwar da ta ce ɗanta ba zai je ba kada a matsa mata. Sai dai abin da suke nema ba ya buƙatar a shiga ƙungurmin daji. Kowane ƙauye na da gonakin bayan gida da ake noma kowace shekara, bayansu saura da aka bari ta huta, sai ɗan kurmi a bakin rafi. A cikin kilomita 2 daga masallacin garin za ka samu duka ukun, kana jin kukan injin niƙa, kana gamuwa da masu kai taki a kan babur da amalanke. Wannan ya ishi yaron da ya tashi a Barnawa ko Kawo bai taɓa ganin bishiyar da ake samun daddawa daga gare ta ba. Wanda kuma yake son dutse, akwai Kufena a Zariya wajen Wusasa, shi ma da sharaɗin nan na tambayar mutanen wurin.

Ni abin da ya fi damuna shi ne ɓarna a gona, don a wannan watan gonar da ka gani fayau ba kome a cikinta, sau da yawa akwai iri a ƙasa. Wasu kan yi binne, su shuka gero ko dawa a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa. Wanda ya yi huɗa kuma, kunyoyinsa na da tazarar santimita 75 tsakaninsu, masara a kan kunya kowane santimita 25 in ƙwara ɗaya yake sawa a rami. Mutum ashirin su ratsa irin wannan gona a karkace, kowa ya taka kan kunya, sun danne ƙasa, sun karya tsiron da bai fito ba, sun buɗa wa ruwa hanyar da zai bi ya zaizaye kunyoyin. Ramin ƙafa ɗaya a kan kunya ya isa ruwa ya fasa ta nan idan gonar na kan gangare. Don haka a bi turba ko iyakar gona, a jere ɗaya bayan ɗaya. In ya zama dole a shiga, a bi cikin kwarin kunya a miƙe har a fita, kada a yi ta tsallake kunyoyi. Tulin doya na 'yan'uwanmu Gbagyi, wanda za ku ga an ɗora wa ciyawa ko ganye a ka saboda rana, ba wurin zama ba ne, akwai iri a ciki.

Sai maganar magani. Da zarar ciyawa ta tsiro bayan ruwan farko ake fara feshi. Idan kuka ga ciyawa ta ƙone lokaci guda cikin kwana ɗaya ko biyu, mai ƙonawa aka fesa, irin su paraquat. Idan tana yin rawaya a hankali har mako ko fiye, mai bi ta saiwa ne, glyphosate. Ko wanne ne, kada a tsinki tafasa ko wani ganyen miya a gefen irin wannan gona, kada a zauna a ci abinci a kai. Ƙwayar masara ko gyaɗa da aka gani ja ko shuɗiya a ƙasa an wanke ta da maganin ƙwari, a gaya wa yara tun a mota. Robar magani da aka yar kuma kada kowa ya ɗauka ya ɗebi ruwa da ita.

Ɗan Rigachikun:
Malam, to mangwaro fa? Yanzu lokacinsa ne, ga shi nan yana zuba a ƙasa yana ruɓewa. Mu dai yadda muka sani, abin da ya faɗo ƙasa na mai rabo ne.

Hajiyar Tudun Wada:
Ɗana, ba ko'ina ba. Mangwaro ɗaya ko biyu da ya faɗo a bakin hanya ba wanda zai yi maka magana, amma ɗorawa da kaɗanya dukiya ce. Bishiyar ɗorawa tana da mai ita, ana gadonta, wani lokaci ma mai gona daban mai bishiya daban, kuma akan sayar da 'ya'yan tun suna sama. Daga ita ake samun kalwa ta daddawa, da garin da ake sha, da makuba ta daɓe. Kaɗanya kuwa ba a kaɗo ta, jira ake ta faɗo da kanta, matan gidan su fito da asuba su tsince, su tara ƙwarar su yi man kaɗe. Ka ga ke nan wadda ke ƙasan ita ce amfanin gonar. Mangwaron ma da yawa an riga an sayar wa 'yan sari bishiya guda. Ku riƙe canji, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar, ku saya a hannun yaran garin. Ya fi muku mutunci, kuma gobe in kun dawo za a tarbe ku da fara'a.

Malamin Gona:
Hajiya ta gama magana. Jifan bishiya da dutse ko sanda shi ne ya fi jawo faɗa, a hana yara.

Mai Zuma:
Jifan nan ma na da wani haɗarin. Ku riƙa ɗaga kai kafin ku zauna a inuwa. A kan ɗorawa da kaɗanya da maje ake ɗora amya, kuma wannan watan amya cike take, lokacin ɗiban zuma ne, ƙudan zuman na da zafi, musamman in an taɓa su a daren jiya. Turare mai ƙarfi da man shafawa mai ƙamshi na jawo su, hayaniya da jifa na tayar da su. Idan ɗaya ko biyu suka fara bugun mutum a goshi, gargaɗi ne, a juya a bar wurin ba tare da kaɗa hannu ba. Idan suka taso gaba ɗaya, a rufe fuska da riga ko mayafi a ruga a miƙe, a yi nisa sosai, in da mota ko ɗaki a shiga a rufe. Kada a faɗa ruwa, suna jira a sama. Ƙarin ƙudan zuma da ya maƙale a fata a kankare shi da farce ko gefen kati nan take. Wanda fuskarsa ko leɓensa ya kumbura, ko numfashi ya fara yi masa wuya, asibiti kai tsaye, ko da ƙuda ɗaya ne ya harbe shi.

Ɗan Ruga:
Ku ƙara da wannan. Yanzu shanun da suka tafi kudu cin rani suna kan hanyar dawowa, za ku iya cin karo da garke a burtali. A tsaya gefe guda a bari su wuce, kada a raba garke biyu, kada a shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Lema a buɗe da mayafi mai kaɗawa na firgita su. Idan hanya ta bi ta kusa da ruga, a yi sallama daga nesa a jira a amsa, saboda karnuka. Kare ya taso, a tsaya cik, kada a gudu. Kada a ɗauki hoton mata ko na shanu sai an nemi izini, kuma kada a tsaya ana nuna shanun mutum da yatsa ana ƙirgawa, ba a son haka. Gaisuwa da tambayar hanya ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba.

Malamar Jinya:
Bari in shigo da ɓangarenmu, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Ruwan sha tukuna. A zafin Afrilu da Mayu, mai tafiya na buƙatar aƙalla rabin lita a kowace awa, wato ledar ruwan fiya-wata guda ɗaya. Tafiyar kilomita 8 da ayari mai yara, ana tsayawa ana kallo, ba za ta gaza awa uku ba, don da wuya ku wuce kilomita 3 a awa. Kowa ya riƙe lita 2 zuwa 3 a jikinsa, a bar wani a mota. A riƙa kurɓa tun ba a ji ƙishi ba. A zo da ORS, wato haɗin gishiri da sukari na sha, in babu a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin gishiri. Gishirin in ya yi yawa illa ne, a auna. Mai azumin nafila ya ɗaga zuwa wata rana ko ya haƙura da tafiyar. Mai ciwon suga ya karya kumallo ya riƙe dabino, mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu saboda hayaƙin sharar gona.

Wanda ya fara jin jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko ɗaurewar jijiyar ƙafa, a kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ORS kaɗan kaɗan. Amma idan ya fara sambatu, ko ya rikice bai san inda yake ba, jikinsa ya yi zafi rau, wannan bugun zafin rana ne kuma yana kisa. A zuba masa ruwa a jiki, a yi ta fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da zubawa a hanya. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Ruwan rafi da kududdufi ba na sha ba ne, ba na wanka ba. A nan ake wanke injin feshi, kuma ruwan da ke kwance shi ke ɗauke da tsargiya, wadda ke shiga ta fata.

Sai maciji. Ruwan farko na cika ramuka ya fito da su, su da kunamu, shi ya sa sara ke yawa a farkon damina. Kububuwa ƙarama ce, sau da yawa ba ta wuce tsawon rabin mita ba, launinta ya saje da ƙasa, amma dafinta na hana jini daskarewa. Mutum zai iya zama garau a ranar farko, sai daga baya dasashi ya fara jini, ko a ga jini a fitsari. Kasa kuwa ba ta gudu, kwanciya take a kan turba har a taka ta. Kumurci na fesa dafi a ido. In ya faru a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa na minti 15 ko fiye, kada a murza. A riƙe sanda, a kalli ƙasa, kada a sa hannu a rami ko suri ko tarin karan da aka share. In an zo gungume a hau kansa a duba bayansa, kada a tsallake a makance. Idan sara ya faru, a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaura wa ƙafar sanda yadda ake yi wa karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. A rubuta ƙarfe nawa abin ya faru. Paracetamol kawai za a ba shi, ban da aspirin, ibuprofen da diclofenac, don suna ƙara zubar jini.

Ɗan Rigachikun:
Anti, ba za a ɗaure saman wurin da igiya ba? Haka iyayenmu ke yi, a ɗaure tamau a tsaga a matse jinin, wasu su sa baƙin dutse.

Malamar Jinya:
A'a ƙanena, don Allah kada a yi. Ɗaurin tamau na tsayar da jini gaba ɗaya, dafin kasa da na kumurci kuma dama cin nama suke, sai ƙafar ta ruɓe har a kai ga yankewa. Tsagawa a saran kububuwa ita ce mafi muni, ka buɗe rauni a jikin wanda jininsa ba ya daskarewa. Tsotsa da baƙin dutse ba sa fitar da dafin da ya riga ya shiga jiki, lokaci kawai suke ci. Abin da ya sa ake ganin kamar suna aiki shi ne ba kowane sara ne ke zuba dafi ba, wasu macizan ma ba su da shi. Maganin sara shi ne allurar kashe dafi a asibiti. A can za su ɗebi jini a kwalba su ajiye minti 20, in bai daskare ba sun san dafin ya shiga. Ba kowane asibiti ke ajiye allurar ba, saboda haka masu zuwa share fage su kira manyan asibitoci irin Barau Dikko ko na ABU da ke Shika su tambaya tun kafin ranar, su san inda za a nufa. Kada a ɓata lokaci wajen neman kashe macijin, hoto daga nesa ya isa in ya samu.

Ɗan Rigachikun:
Na gamsu, Anti. Allah ya saka da alheri.

'Yar Barnawa:
To tunda za a je, mu mata fa? Dogon hijabi da sarƙaƙiya ba sa shiri.

Hajiyar Tudun Wada:
Wando mai kauri a ciki, doguwar riga da ta tsaya a ƙwauri, hijabi wanda bai wuce gwiwa ba, na auduga mai haske. Mai jan ƙasa zai kwashi ƙaya da kaska. Malafa na hawa kan hijabi lafiya lau.

Ɗan Unguwar Rimi:
Takalmi fa? Wasu na cewa kowa ya sayi takalmin ruwa na roba irin na manoma.

Malamin Gona:
Na roba mai dogon wuya ya fi kare sara, shi ya sa muke matsa wa manoma su sa. Amma an yi shi ne don aiki a wuri guda. Wanda bai saba ba ya yi kilomita 8 da shi a zafin nan, gumi zai taru, ƙafa ta yi ta zamewa a ciki, kafin rabin hanya ta yi bororo. Kambas mai kaurin ƙasa wanda ƙafa ta saba da shi, da safa mai kauri, a cusa ƙafar wando a cikin safar. Sabon takalmi kada a fara shi ranar. Silifa da takalmi mai buɗaɗɗen sama kam a'a: inda aka yi sassabe akwai kututturan da aka sare a karkace masu tsini, sabon tohon tofa kuma na huda ƙafa. Na gaba da ɗan jagora, su in sun sa na roba ya yi, tunda su ke fara taka ciyawa.

Tsohon Malamin Daji:
Akwai abubuwa uku a cikin dajin da ba a ambata ba. Na farko ramin gawayi. Masu gawayi kan jera itacen kirya ko marke ko kaɗanya su rufe da ƙasa su sa wuta, ya yi kwanaki yana ci a ciki. Daga waje tudun ƙasa ne kawai da ɗan hayaƙi, wani lokaci ma ba hayaƙin. Yaro ya hau, ƙasar ta rufta da shi cikin garwashi. Duk tudun da aka ga sabuwar ƙasa da kututture a kewaye, a zagaye shi. Haka tsofaffin rijiyoyin lambu a fadama da ramukan masu haƙar yashi da marmara.

Na biyu karara a kurmi. Tsofaffin kwansonta na rataye a jikin bishiyoyi har yanzu, gashin jikinsu in ya taɓa fata ƙaiƙayi ne mai tsanani. Kada a sosa, a manna salatif a ɗaga ya kwashe gashin, sannan a wanke da sabulu. Tinya da ake shinge da ita ma, ruwanta fari in ya shiga ido ɓarna ne. A bakin kurmi ana iya haɗuwa da ƙudan tsando, ko da yake ya ragu kusa da gari. Shuɗi da baƙi ke jawo shi, shi ya sa tarkon da masu binciken sammore ke kafawa da waɗannan launuka ake yin sa; cibiyarsu ma na nan Unguwar Rimi. Ku sa kaya masu launin ƙasa ko fari.

Na uku, wani kurmin ko gindin dutsen maƙabarta ce ko wurin al'adar mutanen garin. In ɗan jagora ya ce ba a shiga nan, kada a tsaya gardama. Wuta kuma kada a kunna ko ta shayi, ciyawar bara na nan a bushe ƙarƙashin sabuwar.

Ɗan Sintiri:
Ashirin sun yi yawa a ayari ɗaya. Ku kasu biyu, goma goma, tazarar minti goma, kowane da jagoransa, da babba ɗaya a gaba ɗaya a baya, yara a tsakiya. Na baya ba ya wuce kowa, ko wa ya tsaya. A ƙirga kai a wurin tashi, a kowane hutu, da wurin shiga mota. Usur biyu, fawabank, a sauke taswirar wurin a waya tun a gida don sabis na ɗaukewa a kwari. Mutum ɗaya ya zauna a gari da sunayen kowa da lambar mai unguwa, ya san ƙarfe nawa zai fara nema in bai ji ku ba. Lambar gaggawa 112 ce. Mota ta tsaya a ƙofar mai unguwa da direba a ciki, an juya kanta ta kalli hanya, akwai mai.

Tsohon Malamin Daji:
Lokacin fita kuma, rana na fitowa wajen 6:20 a wannan watan. Ku yi asuba ku kama hanya, ku fara taka ƙasa kafin 6:45, ku fito kafin 10:30. Yamma ba ta yi ba, don hadarin farkon damina da la'asar ko magariba ya fi tasowa, daga gabas, da guguwa a gabansa, kuma yana da sauri. In kun ga gabas ta yi baƙi, iska ta juya ta yi sanyi, ku nufi gari. Tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa kowane daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne; in bai kai daƙiƙa 30 ba kuna cikin haɗari. Kada a fake ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a gona, ko kan dutse, ko bukkar langa-langa ta lambu. Mota ko ginin gida, sannan a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Rafin da kuka tsallaka a bushe da safe na iya kawo ruwa ko ba a yi ɗigo a kanku ba, in an yi a sama. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ba a shiga. In an yi ruwa mai yawa a daren da za ku fita, ku ɗaga tafiyar da kwana ɗaya ko biyu, fadama taɓo ce, kuma ranar kowa na gona yana shuka, ba mai lokacin baƙi.

Ɗan Unguwar Rimi:
Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba, Hajiya, Anti da sauran malamai. Mun tsayar: za mu jira ruwa biyu, mu rage zuwa kilomita 6 tunda akwai yara, ayari biyu, kowane yaro da izinin iyayensa. Mutum biyu za su je gaida mai unguwa, in ya ce a dakata za mu dakata. Sauran bayani sai a ƙaramin zaurenmu. Anti, me za a sa a akwatin taimakon gaggawa?

Malamar Jinya:
Bandeji mai naɗi guda huɗu, filasta, auduga, ruwan wanke ciwo, paracetamol, maganin ƙaiƙayi na sha, ORS kamar goma, almakashi, hantsaki, safar hannu, salatif, da zani mai ƙarfi guda ɗaya wanda mutum huɗu za su iya ɗaukar mara lafiya a ciki. Kowane ayari da nasa. In an dawo gida kowa ya duba jikinsa saboda kaska: bayan gwiwa, matsematsi, hammata, bayan kunne, ƙugu wurin tazuge. A kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe a hankali, kada a ƙona ta ko a zuba kananzir. Wanda zazzaɓi ya kama cikin mako biyu bayan tafiyar ya je a auna shi, ya kuma gaya wa likita cewa ya shiga daji.

Hajiyar Tudun Wada:
A sa babban buhu ɗaya a kowane ayari na kwashe ledojin ruwa da robobi, a dawo da su gari. Akuya ko saniya ta haɗiye leda, tana iya mutuwa. Kuma masu zuwa gaida mai unguwa kada su je hannu rabbana, ko goro ne a riƙe.